Wa Ke Rubuta wa Matan Hausa Abin Dariya?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da inda mata ke girkin biki ya san ba a talabijin ake barkwanci mafi daɗi a ƙasar Hausa ba. Can gindin tukwane ake yin sa. Wata ta kwaikwayi tafiyar dangin ango ranar da suka kawo lefe, wata ta ari muryar uwar miji tana ƙirga tsokar nama, wata ta ba da labarin daren da naƙuda ta kama ta, maigida ya ruɗe ya fita neman mota da takalmi wari da wari. A yi ta dariya har a riƙe ciki. Amma in ka duba waɗanda ke tsara finafinan barkwancinmu, sai ka tarar kusan duk maza ne, har maganar da ake sa wa mata a baki su ke rubuta ta. Wannan abu yana damuna, kuma asarar ta kowa ce, ba ta mata kaɗai ba.

Ba yau mata suka fara wannan aiki ba, suna ne kawai ba a ba su. Wane ɗan wasa ne ya fi daɗewa yana ba Bahaushe dariya? Gizo ne, da tsamin bakinsa da haɗamarsa da wayon da kullum kansa yake komawa. To a bakin wa Gizo ya rayu? A bakin kakanni mata da iyaye da yayye, bayan sallar isha'i, a tsakar gida. Su suka san inda ake jan murya, da inda ake dakatawa, da lokacin da Ƙoƙi za ta jefa maganar da yara za su fashe da dariya. Da aka zo tattara tatsuniyoyi a takarda, tun daga littafin Frank Edgar na 1911, sunayen masu tattarawa ne suka hau bango, na matan da suka raini labaran kuwa suka bi iska.

Haka karin magana. Dubi wannan: ba kukana ba ne, wai uwar kishiya ta mutu. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ba mutane dariya da jimla ɗaya ya san wannan aikin gwani ne. Cikin kalmomin da ba su kai goma ba an zana gida guda, da zaman makokinsa, da macen da ke zaune ta sunkuyar da kai alhali zuciyarta ko gezau. Daga cikin gida irin wannan magana ke fitowa, daga bakin wanda ya zauna a wannan tabarmar.

Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ita ta ɗauko wannan baki na cikin gida ta kai shi bainar jama'a, da ƙwaryarta da 'yan amshinta. Da yawa kiɗan amada da rawa suke tunawa. Ni kuwa gwanar tsara barkwanci nake ganinta, wadda ba ta buƙaci alƙalami ba. Ta yi wa macen da ba ta da sana'a shaguɓe har zaman banza ya zama abin kunya, ta yi wasa da yawan haihuwa, ta taɓo kishi, ta taɓo abubuwan da mata ba sa faɗa in akwai namiji a wurin. Matan da ke yi mata liƙi ba don ta mantar da su halin da suke ciki suke yi ba. Don ta faɗe shi ne da babbar murya, ta sigar da ko mai jin haushi sai ya murmusa kafin ya tuna ya kamata ya ɓata rai.

Da barkwanci ya koma akwatin talabijin da kaset sai ya zama na maza. Samanja Mazan Fama, Karkuzu, Ƙasimu Yero, daga baya marigayi Rabilu Musa Ibro da ya riƙe kasuwar har rasuwarsa a 2014, sannan su Bosho da Daushe. Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu. Allah kaɗai ya san gidajen da Ibro ya sa aka kwana da fara'a a ranar da ba a ɗora tukunya ba. Amma ku lura da abin da ake ba mace a irin waɗannan finafinai. Ko dai ita ce mai riƙe da ƙugu tana zazzaga masifa don jarumin ya sami abin gudu, ko bazawara mai kwaɗayi, ko uwar miji mai bin boka. Ita ake yi wa dariya, ba ita ke bayarwa ba. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, Daso, da ta rasu a watan Afrilun 2024, tana da baiwar da ta isa a gina fim sukutum a kanta, ido kaɗai za ta juya ka ji dariya ta taso maka. Shekara da shekaru muguwar mace ake ba ta. Ta yi ta da kyau, har wasu suka ɗauka halinta ne. Har yau ina tunanin abin da za mu gani da a ce wata mace da ta san zaman gidan yawa ce ta zauna ta rubuta mata labari daidai da ita.

Kuma ba marubuta mata muka rasa ba. Tun daga Hafsat Abdulwaheed da So Aljannar Duniya a 1980, zuwa Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, zuwa ɗimbin matan da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, mata ne ke riƙe da ƙagaggen labarin Hausa. A talabijin ma akwai irin su Fauziyya D. Sulaiman da ta yi aikin rubuta Daɗin Kowa. Sai dai an koya wa marubuciya, ba tare da an furta mata ba, cewa in tana so a ɗauke ta da daraja to ta sa mai karatu kuka. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta yi wa rubutun mata hidimar da ba za a manta ba, amma dubi jigogin da suka fi yin fice a cikinta: gudun hijira, maraici, fyaɗe, cuta. Duk gaskiya ne, duk sun cancanci a rubuta. To amma yarinyar da Allah ya ba baiwar ban dariya, in ta ga haka, me za ta yi? Ɓoye baiwarta za ta yi, ta aro hawaye.

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a littattafan da ake karantawa a waya. Sau da yawa labari kan fara da yarinya 'yar ƙauye mai ƙiriniya, mai tsokanar tsofaffi da satar mangwaron maƙwabta, bakinta ba ya mutuwa. A shafukan farko sai ka yi ta dariya kai kaɗai, ka san marubuciyar nan gwana ce. Ana ɗaura wa yarinyar aure sai barkwancin ya ɗauke ɗif kamar wutar lantarki. Daga nan sai kuka, sai asiri, sai gadon asibiti. Ka ce marubuciyar ta yarda raha ta 'yan mata ce, matar aure kuwa sai haƙuri.

A nan nake so in daɗe, domin akwai wata fahimta da ta gurgunta mu. Ana ɗauka in mace ta mai da ciwonta abin dariya, to ciwon bai kai zuci ba, ko kuma gudun fuskantarsa take yi. Ba haka ba ne. Ɗauki matar da aka yi wa kishiya ba da saninta ba, sai a bakin mai kitso ta ji. A makonnin farko ba ta iya ba da labarin sai da kuka. Ran da ka ji ta tana kwaikwayon yadda maigida ya shigo yana kame-kame, yana gyara hular da ba ta karkace ba, yana buɗe zance da wa'azin ƙaddara, ran nan ta ƙwace labarin daga hannunsa. Lokacin da abin ya faru shi ke da iko, ita aka yi wa. Yanzu ita ke zaɓen inda za a fara, da inda za a tsaya, da wanda za a yi wa dariya. Ciwon yana nan, ba inda ya je. Abin da ya sauya shi ne ta daina zama abar tausayi a idon kanta. Matan da ke sauraronta kuma, waɗanda da yawansu sun sha irin wannan, suna jin abin da ba a taɓa gaya musu a fili ba: cewa abin da aka yi musu, ban da zafi, akwai wauta a cikinsa, kuma wautar ba tasu ba ce.

Ba mu kaɗai muka san haka ba. Marubuciyar Amurka Nora Ephron tana da tsohon ciki ta gano mijinta, shahararren ɗan jaridar nan Carl Bernstein, yana neman wata. Auren ya mutu. A 1983 ta fitar da Heartburn, ƙagaggen labari mai ban dariya da ta gina a kan wannan lamari, aka mai da shi fim a 1986. An zarge ta da tonon asirin gida, amma har yau ana buga littafin ana saye.

Sai dai dole a raba wannan da wata dariyar da ake ɗora wa mace dole. Akwai ta "ke dai ki yi dariya ki wuce, duniya ce." Wannan rufe baki ne aka sauya masa riga. Matar da ake duka ba barkwanci take buƙata ba, waliyyinta take buƙata da alƙali. Dariyar da nake karewa ita ce wadda in an gama ta an ƙara gane abin da ya faru da wanda ya aikata, ba wadda ake binne magana da ita ba.

Akwai kuma gyaran da gadon namu yake buƙata. Yawancin habaicin da muka tarar, na waƙoƙin daka da na karin magana, a kan kishiya yake sauka. A yi wa doronta dariya, a yi wa girkinta, a yi wa rashin haihuwarta, wanda shi kam zalunci ne tsagwaronsa. Na fahimci dalili. Ita ce a kusa, kuma ita ba ta da ikon sakin kowa. Shi kuwa wanda ya tara su a ɗaki biyu da kwanon masara ɗaya ya fita fes. Marubuciyar yau ba dole ta gaji wannan tsoron ba. Tana iya ɗaga ido ta dubi abin da ya sa mata biyu ke faɗa a kan gawayi. Balaraba Ramat ta nuna hanya tun 1990 a Alhaki Kuykuyo Ne, inda Alhaji Abdu, mai kuɗin ƙara aure amma ba na cefanen 'ya'yansa ba, shi ne ya zama abin kallo. Littafin ba na barkwanci ba ne, amma idon da ya kalli Alhajin ido ne mai ganin wautar masu iko.

Na san abin da za a ce: kunya, kamun kai, yawan raha na zubar da mutuncin mace. Ba na raina wannan magana, domin na san abin da take jawowa. Namiji in ya iya ba da dariya sai a ce mai raha ne, a riƙa neman zama da shi. Mace kuwa sai a ce ba ta da nutsuwa, a fara tunanin wa zai aure ta. Ko maza ba su tsira ba, an ɗaure Ibro a Kano a 2008 saboda fim. Gaskiya ne kuma wasu abubuwan da ake yi a TikTok da sunan barkwanci batsa ce da zagi, ba fasaha a ciki. Amma al'adar da ta ware wasa tsakanin jika da kaka, da tsakanin taubasai, da tsakanin matar wa da ƙanin miji, ba za a ce ta hana mace raha ba. A Nijar har UNESCO ta sa wasan barkwancin dangi da ƙabilu cikin kayan gadon duniya a 2014, kuma mata ne ke rabin wannan wasa. Maryam Apaokagi, wadda aka fi sani da Taaooma, Musulma ce 'yar asalin jihar Kwara, da ɗankwalinta take fitowa, ita ce uwa ita ce 'ya a wasanninta, kuma ba ta buƙaci batsa ba kafin Najeriya ta san ta. Ga masu cewa barkwancin mace ba ya kawo kuɗi kuwa, Funke Akindele da ta yi suna da Jenifa a 2008 ita ce mai A Tribe Called Judah, fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a gidajen sinima, a farkon 2024.

Rubutu ma yana da sauƙin da wasa ba shi da shi ga 'yar Hausa, domin ba ya buƙatar fuska. Matar da ba za ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba tana iya tsara shirin da za a shekara ana kallo, tana zaune a ɗakinta. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi ya nuna yadda masu kallo ke son barkwancin cikin gida, na dukiya da 'ya'ya da kwaɗayi. To akwai ɗakuna da yawa na gidan Bahaushe da ba a shiga ba tukuna. Layin awon ciki da ake kamawa tun asuba, uwar adashe da wayarta ke mutuwa ranar kwasa, rigimar anko tsakanin ƙawayen amarya, dillaliya da labaran da take ɗauka daga gida zuwa gida, lissafin cefane tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, inda kuɗin da ake ajiyewa a kan madubi bai sauya ba amma ana sa ran miya ba za ta sauya ba. Maza ba sa zama a waɗannan wurare, in sun rubuta da ji-ta-ji-ta suke rubutawa. Furodusan da ke neman sabon shiri ya nemi macen da ta zauna a can, ya biya ta kuɗin rubutu kamar yadda yake biyan namiji. Alƙalan gasa kuma su daina ɗaukar labari mai ban dariya a matsayin mara nauyi, domin rubuta shi ya fi rubuta na kuka wuya.

Marubuciyar da ke da yarinya mai ƙiriniya a babin farko kuwa, roƙona gare ta shi ne ta bar mata bakinta bayan an kai ta ɗakin miji. Ta haihu da shi, ta yi zaman kishi da shi, ta yi takaba da shi in ta kama, ta tsufa tana tsokanar jikoki. Akwai irin wannan matar a kowace unguwa, ita ake aikawa a kira in gidan rasuwa ya yi nauyi bayan kwana uku, kuma ina so in karanta labarinta daga farko har ƙarshe.