Yabo Muka Yi, Ba Makoki Ba

A fitowarmu ta baya akwai waƙoƙi uku cikin Ingilishi, na ta'aziyyar abokinmu da ya rasu a hatsarin mota a hanyar Damagaram. Dukansu an sa musu suna "elegy". Ɗaya tawa ce, don haka da kaina zan fara.

Na sake karanta su, wallahi ban ji mutuwa a ciki ba. Mai haƙuri ne, mai fara'a ne, mai son karatu ne, shi ke nan. Wannan a Ingilishi "eulogy" ake ce masa, kalmar Girkanci mai nufin kyakkyawar magana, wato yabon mamaci. Sunayen biyu sun yi kama a kunne, amma aikinsu daban. Yabo yana faɗin wane ne mutumin, ita kuwa "elegy" tana nuna giɓin da ya bari a jikin mai rai.

Mu da muka taso da Faransanci a lakwal, duk kalmar baƙin ciki ta Ingilishi sai mu ce "waƙar makoki" mu wuce. Alhali kowace da lokacinta da mai yin ta. "Dirge" gajera ce, ta wurin jana'iza, gawa na nan kwance. Asalinta kalmar Latin ce da ke buɗe wata addu'ar matattu a coci. "Requiem" ma daga Latin take, ma'anarta hutu, kiɗa da addu'a ne na coci, irin wanda Mozart ya mutu a 1791 bai gama ba. "Keen" daga Ayalan ta fito, kururuwar mata ce a kan gawa. "Lament" ta fi su faɗi, ana yin ta ko don gari ya ci wuta.

To, "elegy" fa? Sai hawaye sun ɗan tsaya take zuwa. Milton ya rubuta "Lycidas" a 1637 don ɗan makarantarsu Edward King da ya nutse a teku. Bai tsaya ga yabo ba, ya tambayi kansa amfanin wahalar zama mawaƙi in ajali na iya yanke mutum yana saurayi. Tennyson kuwa abokinsa Hallam ya rasu a 1833, amma "In Memoriam" ba ta fito ba sai 1850. Shekara 17 yana kokawa da shakka kafin ya kai ga dangana.

Mu kwana uku muka yi. Mun tsallake zafin muka faɗa kan dangana, kamar masu gudun a ce ba mu da tawakkali. Ai marsiyya ba baƙuwarmu ba ce: Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, kuma ba wanda ya ce imaninta ya ragu.

Abin da ban sa a tawa ba shi ne kayensa na darasi yana wurina har yau, na kasa kai wa mahaifiyarsa. Nan waƙar take, na gudu na bar ta.

Ƴan'uwa, ba na ce a daina yabon mamaci ba. In yabo ka yi, kira shi yabo. In kuwa ka rubuta "elegy" a sama, ka ɗauki alkawarin gaya mana abin da ka rasa. Ni dai zan sake tawa, bayan na kai kayen. Allah ya jiƙan sa.