Gwanin da ke auna zuciyar kyanwa da ƙashin bayanta

A Adakpamé, gabashin Lome, damina kan bar ruwa kwance a lunguna, dodon koɗi ya yawaita. Kyanwar da ake ajiyewa don ɓeraye tana iya kwasar cuta daga farautarta. Wata siririyar tsutsa mai suna Aelurostrongylus takan fito cikin kashin kyanwa ta shiga dodon koɗi. Ɓera ko ƙadangare ya ci dodon koɗin, kyanwa kuma ta cinye shi. Daga hanji tsutsar ta yi hanya har cikin huhu, ta zauna tana zuba ƙwai.

Huhun yakan kumbura, bangon jijiyoyinsa ya yi kauri, hanyar jini ta matse. Ɓangaren dama na zuciya, wanda ke tura jini zuwa huhu, dole ya ƙara ƙarfi. Idan abin ya tsananta sai ya faɗaɗa.

A nan gwanintar likitan dabbobi take burge ni. Yakan kwantar da kyanwa a gefenta, ya ɗauki hoton ƙirji. Ya auna tsawon zuciya, ya auna faɗinta. Sai ya ɗora kowane awo a kan ƙashin baya, daga gaɓa ta huɗu ta ƙirji, ya ƙirga gaɓoɓin da ya rufe, ya haɗa jimla. Buchanan da Bücheler suka fito da wannan dabara ga karnuka a 1995, Litster da Buchanan suka daidaita ta ga kyanwa a 2000. Lafiyayyar kyanwa takan ba da kusan 7.5, abin da ya haura 8 yana neman bincike. Hikimar ita ce jikin dabbar ne ma'auninta, ƙarama ce ko babba.

Gwani ba ya tsayawa a lamba. Ya san ciwon zuciya bai cika sa kyanwa tari ba, don haka tari ya fi nuna huhu. Yakan jiƙa kashinta a ruwa ya kwana, bisa hanyar Baermann, ya duba 'ya'yan tsutsar a madubin likita. In ya gan su, ya ba da fenbendazole ko moxidectin, yana maganin huhu don zuciya ta huta.

Kyanwa ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo. Wanda ya koyi karanta ƙirjinta haka ya cancanci a kai masa ita tun tarin bai yi nisa ba.