Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarken Mugu da Dalilinsa a Finafinan Gagarabadau

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairu na shekarar 2018 aka fara nuna fim ɗin Black Panther a gidajen sinima na Abuja, bayan wata biyu kuma Avengers: Infinity War ya biyo baya. Duk wanda ya je kallo a Silverbird ta tsakiyar birni ko ta Jabi a wannan lokaci zai tuna yadda samari da 'yan mata ke tsayawa a bakin ƙofa bayan an tashi, suna musu kamar za su ba hammata iska. Mun saurari irin wannan musu a can, mun kuma sake jin sa a bakin ɗalibanmu a aji. Kullum a kan abu biyu yake tsayawa. Na farko, shin mugun da ke cikin fim ɗin yana da gaskiya ko ba shi da ita? Na biyu, me ya sa tun kafin a kashe fitila kowa ya san yadda labarin zai ƙare?

Wannan maƙala za ta dubi tambayoyin biyu da ma'aunin adabin Hausa. Abin da muke nufi da finafinan gagarabadau shi ne finafinan jaruman da aka ba wani ƙarfi ko wata baiwa da ta wuce ta ɗan Adam, waɗanda asalinsu littattafan zane ne na Amurka, tun daga Superman da ya fito a 1938 da Batman a 1939. Ra'ayinmu shi ne tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya, kuma masu musun sun fi kama gaskiya a ta farko fiye da ta biyu.

2.0 Sanin Ƙarshen Labari

Masu kukan cewa an san ƙarshen labari suna da abin kafa hujja. A ƙarshen Infinity War, Thanos ya tara duwatsu 6 masu iko, ya ƙyasta yatsu, rabin rayayyun halittu suka zama toka, har da T'Challa da Spider-Man. Amma 'yan kallo kaɗan ne suka fita da fargaba, domin sun san kamfanin da fim ɗin T'Challa ya kawo wa fiye da dala biliyan 1 ba zai binne shi ba. Haka kuwa aka yi: a Avengers: Endgame na 2019 duk waɗanda suka zama toka suka dawo. A wannan shekarar ce darakta Martin Scorsese ya kwatanta waɗannan finafinai da wuraren wasan lilo, inda mutum zai ji kamar zai faɗo alhali ya san an ɗaure shi.

Sai dai Bahaushe bai kamata ya yi saurin ɗaukar sanin ƙarshe a matsayin aibi ba. Yaron da ya zauna gaban kakarsa da dare ya san Gizo zai shirya wata dabara, ya san Kura za ta kwashi kashinta a hannu, ya san marainiya za ta yi arziki 'yar bora ta ɗaukaka. Bai taɓa tashi don ya san haka ba. A 1928 manazarci Vladimir Propp ya tattara tatsuniyoyin Rasha ya nuna cewa matakai 31 ne kawai suke maimaituwa a cikinsu, a jere guda. Wanda ya gwada wannan ma'auni a kan tatsuniyoyinmu zai ga ba su yi nisa da shi ba. Haka nan wanda ya buɗe Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san tun daga farko cewa Alhaji Imam ya dawo gida lafiya, tun da shi ne yake ba da labarin da bakinsa. Daɗin littafin yana cikin yadda shi da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙulli a hanya. Masu kallon finafinan Indiya a sinimomin Kano da Kaduna ma tun tuni suka yanke hukuncin cewa jarumi ba ya mutuwa sai bos, amma hakan bai hana su komawa kallon Sholay sau uku ko huɗu ba.

Ashe ke nan sanin inda za a sauka ba ya ɓata tafiya. Abin da ke ɓata ta shi ne a je a dawo ba a biya komai ba. Marainiyar tatsuniya tana shan wuya ta gaske kafin ta huta, kuma mahaifiyarta da ta rasu ba ta dawowa. Idan mutuwa ta zama abin da ake warwarewa a fim na gaba, to hawayen ɗan kallo ya zuba a banza. Wannan ne ya sa mutuwar Tony Stark a Endgame ta fi taɓa zuciya fiye da halakar rabin duniya a fim ɗin da ya gabace shi: ita ce aka bar ta a matsayin mutuwa har labarin ya ƙare.

3.0 Ire-iren Mugu

Idan muka juya ga mugu, adabinmu ya san iri uku. Akwai mugun da ba a tambayarsa dalili, kamar Dodon tatsuniya ko macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Shi wannan annoba ce da aka yi wa jiki, aikinsa kawai ya tsaya a hanya har Bayajida ya iso. Mogambo na fim ɗin Mr. India na 1987 ɗan gidansu ne. Sai mugun da kwaɗayi ke ja, kamar Wazirin Sarki Abdurrahman a Magana Jari Ce, wanda son sarauta ya sa ya haɗa kai da Sarkin Sinari don a halaka ɗan ubangidansa Musa. Dalilinsa a fili yake, amma ba mai tausaya masa. Na uku shi ne mugun da aka fara zalunta, wanda muguntarsa ramuwa ce. A kansa ne musun matasan Abuja ya fi zafi.

Wasu daga cikinsu sun sa Thanos a wannan rukuni na uku, suna cewa ai niyyarsa mai kyau ce, tun da abinci ba ya isar jama'a. Mu ba mu yarda ba. A littafin zane na Jim Starlin da ya fito a 1991, Thanos ya halaka rabin halitta ne don ya burge Mutuwa, wadda aka siffanta a matsayin mace da yake so. Masu fim suka cire wannan dalili suka ɗora masa tsohon ra'ayin Thomas Malthus na 1798, cewa yawan jama'a yana tsere wa yawan abinci. Amma dalilin bai zauna ba, domin duk ɗalibin da ya ɗan yi tunani zai tambaya: wanda ke da ikon shafe rabin masu ci, me ya hana shi ninka abin da za a ci? Abin mamaki shi ne babu jarumi ɗaya a fim ɗin da ya tsaya ya rusa wannan hujja da hujja. Da naushi kawai aka amsa masa. Saboda haka Thanos Dodo ne da aka sa wa rawanin malami, kuma haɗarinsa shi ne yaro ya fita daga sinima da tunanin cewa talakawa ne suka yi yawa.

4.0 Killmonger da Ɗan Kallon Abuja

Erik Killmonger, wanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsa a ƙarƙashin darakta Ryan Coogler, daban yake. Baffansa, Sarkin Wakanda, ya kashe mahaifinsa a birnin Oakland, aka bar shi maraya a unguwar talakawa, aka ɓoye labarin. Ya girma yana ganin wahalar baƙar fata a duniya, alhali ƙasar kakanninsa tana zaune kan dukiya da fasaha ta rufe ƙofa. Farkon ganinmu da shi yana babba, a wani gidan tarihi ne a Landan, yana tuhumar ma'aikaciyar wurin kan yadda kayan Afirka suka zo hannunsu. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar a yi masa bayani. Sojojin Ingila sun kwashe kayan tarihin Benin a 1897, kuma a nan Abuja ne, a watan Disamba na 2022, Jamus ta miƙa kashin farko na waɗanda suka faɗa hannunta.

Akwai kuma wani dalili na kusa da ya sa maganarsa ta shiga kunnen mazauna wannan birni. An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya da dokar soja ta 1976, gwamnati ta tare a 1991, a kan ƙasar da Gbagyi da wasu ƙabilu ke zaune tun kaka da kakanni. Yawancin masu yi wa birnin hidima ba sa kwana a cikinsa. Da asuba suke tasowa daga Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja, su yi aiki a Maitama da Asokoro, magariba ta yi su koma. Wanda rayuwarsa ke nan ya san ma'anar birni mai ƙyalli da ke da ƙofa, ya kuma san a wane gefen ƙofar yake. Ba abin mamaki ba ne da muka ji da yawa suna cewa Killmonger ne mai gaskiya.

To, a nan ne muke ganin babban raunin zubin waɗannan finafinai. Da marubuci ya ga hujjar mugu ta fara rinjayar ta jarumi, sai ya yi sauri ya shafa masa jini a hannu. Killmonger ya harbe budurwarsa ba tare da ya ƙifta ido ba, ya shaƙe wata dattijuwa, ya sa aka ƙone gonar tsiron da ke ba sarakuna ƙarfi. Daga nan ɗan kallo ya huta da tunani, ya koma jiran faɗan ƙarshe. Gaskiya ne T'Challa ya tuhumi mahaifinsa, ya buɗe cibiya a Oakland, ya bayyana Wakanda a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wannan ya sa fim ɗin ya ɗara tsaransa. Amma wanda ya kawo ƙarar ya mutu, gadon sarauta ya koma inda yake. A nan tambayoyin nan biyu suka haɗu. An san ƙarshen labari ne domin an riga an ƙaddara cewa duniya za ta koma yadda take, don a sami damar yin fim na gaba. Duk mugun da ke neman a canza ta, ko da yana da gaskiya, dole a ƙara masa laifin da zai halatta kashe shi.

5.0 Darasi Daga Jiki Magayi

Don a ga cewa akwai wata hanya, sai mu dubi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga ƙagaggun labaran farko da aka buga a Zariya a shekarun 1930. Abubakar da Zainab suna son juna. Malam Shehu, attajirin da bai sami haihuwa ba, ya shiga tsakani da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar ya bar gari, ya sha baƙar wahala a daji yana neman asirin da zai rama da shi, ya dawo ya sauke shi a kan Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure. Yaron ya tashi ɓarawo, a ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai sani ba.

Wane ne mugu a nan? Malam Shehu ya yi zalunci, amma ɗa yake nema. An zalunci Abubakar, amma ya lalata yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Marubutan ba su wanke ɗaya don su baƙanta ɗaya ba, kuma babu jarumin da ya sauko ya mayar da komai yadda yake. Mai karatu ya hango bala'in tun daga nesa, har sunan littafin ma ya faɗa masa, amma hangen bai rage masa nauyi ba, domin kowa ya biya, kuma abin da aka rasa bai dawo ba. Ɗan ƙaramin littafin nan ya yi abin da finafinan miliyoyin daloli ke jin tsoron yi, wato ya bar dalilin mugu ya yi tafiyarsa har inda ya kai.

6.0 Kammalawa

Mun nuna cewa sanin ƙarshen labari tsohon abu ne a adabi, kuma ba ya cutarwa muddin akwai abin da aka yi asara. Mun kuma nuna cewa ba mugu dalili na gaskiya sannan a ƙi amsa masa ya fi barin sa Dodo illa, domin yana koya wa matashi cewa mai ƙorafi ko yaushe shi ne ɓata-gari. Wannan ya shafe mu kai tsaye, saboda ɗalibanmu masu rubuta gajerun labarai da masu shirya finafinan Hausa suna kallon waɗannan finafinai, wasu ma da fassarar Hausa, suna kwaikwayon zubinsu. Tuni muna da namu miyagun da ba a tambaya dalili: kishiya, uwar miji, boka, attajiri mai auren dole. Shawararmu ga mai rubutu ita ce, kafin ya hukunta kishiyar da ke labarinsa, ya zauna ya rubuta shafi guda daga bakinta, tun daga ranar da aka gaya mata za a yi mata amarya. In ya gama ya ga hukuncin da ya tanada tun farko bai dace da ita ba, to ya canza ƙarshen labarin.