Cikakken Naso da Ragaggen Naso: Sharhi a kan Fassara Ƙidaya

Manufar wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan wata hanya da muke yawan cin karo da ita a kundayen ɗalibanmu. Ɗalibi yakan ɗauki wasu shafuka na Magana Jari Ce ko na jarida, ya ƙidaya wuraren da naso ya auku, sa'an nan ya yanke hukunci a kan wanda ya fi yawa a Hausa, cikakke ko ragagge.

Cikakken naso shi ne inda sauti ya rikiɗe ya koma daidai da maƙwabcinsa, kamar "barci" da ke komawa "bacci". Ragagge kuwa wata siffa kaɗai sautin ke ara, kamar "gidan Bala" da ake furtawa "gidam Bala".

A ganinmu wannan ƙidaya tana da rauni ta fuska uku. Na farko, ƙa'idojin rubutu suna ɓoye naso. "Gidan Bala" da "motar Kande" muke rubutawa, alhali bakin mai magana "gidam Bala" yake faɗa, sau da yawa kuma "motak Kande". Wanda ya dogara da takarda, haruffa ya ƙidaya, ba furuci ba.

Na biyu, akwai misalai masu fuska biyu. A "gidam Musa" sautin ya zama daidai da na gabansa, amma dokar da ta haifar da "gidam Bala" ita ce dai ta haifar da shi. In muka jefa shi a rukunin cikakke, mun kumbura adadin wannan rukuni ba tare da wata sabuwar doka ta yi aiki ba.

Na uku, karin harshe. Basakkwace ya fi Bakano nashe mahaɗin tamata, don haka sakamakon ƙidaya zai bi bakin wanda aka saurara.

Illar abin ita ce, waɗannan ɗalibai su ne malaman gobe, kuma abin da suka ɗauka tabbas ne shi za su koyar. Saboda haka muna ba da shawara a ɗauki magana a faifai, a bayyana garin mai maganar, a kuma ware misalai masu fuska biyu a rukuninsu daban. Sai an yi haka adadi zai iya zama hujja.