Gwanintar Auna Kyamara a Ƙasar Bagudo

Idan mai ɗaukar hoto na ƙasar Bagudo ya tashi sayen babbar kyamara, yawanci ta hannu ce, wadda wani ya riga ya mora a Turai ko a Legas. Babu takardar garanti, babu mai gyara a kusa, kuɗin kuma na shekaru ne da aka tara daga biki zuwa suna. Saboda haka duk abin da zai sani game da ita, dole ya san shi a ɗan zaman da zai yi da mai sayarwa, kafin kuɗi su bar hannunsa. Akwai waɗanda suka ƙware a wannan zama, kuma ni a wajena ƙwarewarsu ta kai ta ɗaukar hoton kanta daraja.

A cikin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti mai kama haske, wanda ya maye gurbin fim. Babbar kyamara, wadda ake kira mai cikakken faranti, nata ya kai milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, daidai da fim ɗin da aka yi amfani da shi a da. Na ƙananan kyamarorin da yawancin matasa ke farawa da su bai kai rabin wannan fili ba. A da, sai manyan ƙwararru ke iya mallakar mai cikakken faranti. Canon 5D ta shekarar 2005 ta fito a kan dala 3,299, sai 6D ta 2012 ta sauko zuwa 2,099, RP ta 2019 kuma 1,299. Waɗannan tsofaffin su ne yanzu ke gangarowa hannu zuwa hannu har su iso Kebbi.

Gwani yakan fara da tunanin irin aikin da zai yi da kyamarar kafin ya taɓa ta. A ƙasar Bagudo dangi ɗaya ne a ɓangarori biyu na iyaka. Ana iya ɗaura aure a Illo ko Ka'oje, a kai amarya Segbana a ƙasar Benin, mai hoto ya bi su a kan babur, a biya shi wani sashe da naira, wani da sefa. Kai amarya kuwa bayan magariba ake yi, a tsakar gida mai ƙwan fitila ɗaya. A nan babban faranti ke nuna kansa, domin ya fi tara haske, fuskoki su fito sumul ba tare da dusar nan mai kama da yashi ba. Sai ɗakin amarya, ga gado ga kabad ga jere, babu inda za ka ja da baya. Gilashi mai lamba 35 a kan ƙaramar kyamara yakan matse fili ya zama tamkar mai lamba 50 da ɗoriya, a kan babba kuwa yana ba ka ɗakin yadda yake. Abu na uku ya fi burge ni: ango baƙi cikin farar shadda da tsakar rana. Ko dai rigar ta ƙone ta zama fari fat babu alamar aiki, ko fuskar ta dushe. Kyamarar da za ta riƙe zaren aikin wuya da hasken goshi a hoto guda, ita ake nema.

Daga nan sai dubawa, kamar yadda mai sayen sa a kara ke buɗe bakinsa ya ga haƙora, ba ya tsayawa ga ƙyallin fata. A gaban farantin akwai labule mai buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna, kuma yana da iyakar rai. An ƙiyasta na 6D a kan ƙiftawa 100,000, na 5D Mark III da Nikon D750 kuma 150,000. Nikon tana ɓoye lissafin a cikin bayanan kowane hoto, ta Canon kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta. Jiki na iya zama fes amma labulen ya kusa gajiya, don haka gwani ba ya yarda da “kaɗan aka yi amfani da ita” sai ya ga lamba.

Sai ya tsuke ƙofar haske zuwa 16 ko 22, ya ɗaga kyamarar sama, ya ɗauki sararin samaniya ko farin bango, ya faɗaɗa hoton yana bin sa kusurwa zuwa kusurwa. Kowane ɗigo a kan farantin zai bayyana. Ƙura ana hure ta da ɗan famfon roba, amma ƙarzuwa ba ta da magani. Wanda ya san tarihi yakan ƙara natsuwa idan an miƙo masa Nikon D600, domin ta yi ƙaurin suna wajen tara ɗige-ɗige a farantinta, har kamfanin ya fito da D610 a 2013. Sannan ya cire gilashi, ya haska tocilar waya ta bayansa. Ƙasar da Kogin Kwara ya ratsa tana da danshi da damina, funfuna kuma na son gilashi. Takan fara da siraran zare a gefe, in ta yi ƙarfi ta ci fuskarsa. Ya jujjuya zoben saiti ya ji ko akwai yashi, ya danna kowane maɓalli, ya sa filasha a mazauninta ya ga ko tana amsawa.

Maganar batir ce ke raba mai karanta talla da mai aiki. Canon RP ta fi 6D sabunta, ba nauyi, tana kama idon mutum da kanta, amma batirinta hoto wajen 250 yake yi. Tsohuwar 6D tana haura 1,000 a caji guda. Ga wanda zai wuni a ƙauyen da sai an ta da janareta ko an roƙi mai sola, wannan tazara ta fi yawan megafiksel muhimmanci. Sababbin kyamarori marasa madubi a ciki kuma, irin RP, farantinsu na kusa da baki, canjin gilashi ɗaya a hazon hunturu ya isa ya cika shi da ƙura. Haka nan ramin memori: 6D da RP ɗaya gare su, D750 da Sony A7 III ta 2018 da Nikon Z5 ta 2020 biyu-biyu, suna iya rubuta kowane hoto sau biyu. Memori na iya mutuwa ba sallama, ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne ka tsaya gaban uban amarya ka ce hotuna sun salwanta.

Inda na fi jinjina wa waɗannan mutane shi ne sanin lokacin haƙura. Yaro zai zo da zumuɗi, “Maigida, na samu babba a farashi mai sauƙi.” Maigidan sai ya tambaye shi gilashin da zai ɗora mata, domin yawancin gilasan ƙaramar kyamara ba sa cika babban faranti, wasu na Canon ma ba sa shiga bakinta sam. Idan kuɗin sun ƙare a jiki, aiki ya tsaya. Ya kuma tuna masa cewa babban faranti yana narkar da bayan hoto da wuri: ka buɗe ƙofar haske zuwa 1.8 a hoton dangi sahu uku, na gaba su fito, iyaye da ke baya su zama hayaƙi. Sau da yawa shawarar takan ƙare a kan ya riƙe ƙaramarsa tukuna, ya sayi gilashi mai lamba 50 wanda ba shi da tsada, da filasha mai kyau, da batir biyu, ya jira kakar shinkafa ta wuce, lokacin da bukukuwa ke yawaita, sannan su sake zama su yi lissafi.