Ungozoma, Mai Karanta Zuciyar Mai Jego

A ƙauyukan Roni, irin su Amaryawa da Zugai da Gora, akwai gidajen da ba a aika wa ungozoma sai jariri ya riga ya faɗo. Ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta wanke jariri, mata su yi guɗa. Mai kallo daga nesa zai ce aikinta ya ƙare ke nan, alhali yanzu ta ɗaura ɗamara. Naƙuda ta yini ce ko ta kwana, jego kuwa kwana arba'in ne, kuma a cikinsa ne tsohuwar nan take nuna gwanintar da ba kasafai ake yaba mata a kai ba, wato gane halin da zuciyar mai jego take ciki tun kafin ita mai jegon ta buɗe baki.

Aikin da kowa yake gani shi ne wanka. Tun da asuba an hura wuta da itacen da maigida ya tara tun cikin yana wata bakwai ko takwas. Ruwa ya tafasa, an tsoma ganyen runhu ko na tsamiya ko darbejiya, ungozoma ta ɗebo da ganyen tana fyaɗa wa mai jego a baya da kwankwaso da mara. Da yamma a maimaita. Sannan ga kunun kanwa, ga ƙauri, ga yajin jego, ga gashin cibin jariri. Duk wannan an san shi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa wurin wankan nan shi kaɗai ne inda mai jego take keɓewa da wani mutum a tsawon yini. Ɗakinta cike yake da 'yan barka, uwar miji na shiga da fita, kishiya na tsakar gida. A makewayi kuwa daga ita sai ungozoma sai tururin ruwa.

Ungozomar da ta san aikinta ba ta cewa "me ke damunki?" Ta san amsar da za ta samu: "Ba komai, Iya." 'Yar da aka tarbiyyantar a kan haƙuri da ɓoye sirrin aure ba za ta zazzage cikinta don an yi mata tambaya ɗaya ba. Sai ta biyo ta gefe. "'Yar nan, kin kuwa runtsa jiya?" Ko kuma, "Na ga kwanon tuwonki ya dawo yadda aka kai shi." Tana magana hannunta na aiki, ba ta tsare yarinya da ido ba, don ta san kunya takan sauka idan ba a haɗa ido ba. Idan hawaye ya zubo, ba ta gaggawar cewa a yi shiru. Takan bari a yi kukan, ruwan wanka ya tafi da shi, sannan ta jefa tambaya ta biyu.

Inda ƙwarewar take da wuya ƙwarai shi ne a haihuwar fari. Al'adarmu ta ɗora wa uwa alkunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma sai an matsa mata take ba shi nono idan da manya a ɗakin. To ta yaya za a rarrabe wadda take kawaici da wadda ƙunci ya rufe wa zuciya har ba ta jin ɗan a ranta? A idon baƙo su biyun ɗaya ne. Ungozoma kuwa tana jiran lokacin da ɗaki zai watse. Mai kunya, da zarar ta ga ba kowa, za ta saci kallon jaririn, ta gyara masa zane, ta taɓa ɗan yatsansa. Ko motsi ya yi cikin dare ta farka kafin ya yi kuka. Wadda damuwa ta kama ba ta sauyawa ko ɗaki ya cika ko ya watse. Idonta na kan bango, jariri na tsala kuka kamar ba a kusa da ita yake ba, ko kuma akasin haka, tsoro ya hana ta barci, tana ta duba ko yana numfashi. Wannan bambanci ba a koyonsa a rana ɗaya. Sai wadda ta shekara da shekaru tana bin uwarta ko kakarta ɗakunan masu jego, tana riƙe ƙwarya tana kallo.

Idan ta gano, sai ta koma ga mutanen gidan, kuma nan ma da dabara. Tsufanta ya ba ta bakin da mai jego ba ta da shi. Ita ce za ta tare maigida a zaure ta ce, "Malam, yarinyar nan tana bukatar nama, tana kuma bukatar ka leƙa ka zauna ka yi mata sannu." Ita ce za ta ce wa uwar miji, "Hajiya, a rage mata 'yan barka bayan azahar, ta samu ta kwanta." Ta nemo yarinya a dangi ta riƙa ɗaukar jariri. Idan ta ga zaman gidan ne ciwon, ta ba da shawara a mai da ita gaban mahaifiyarta ta ƙarasa wanka a can. Al'adar goyon ciki, da ake kai mai cikin fari gidan iyayenta, a ganina tana daga cikin mafi hikimar abin da kakanninmu suka bar mana, domin ba wanda yarinya mai tsoron haihuwa take son gani kamar uwarta.

Ba mu kaɗai muka fahimci cewa zuciya da mahaifa suna tafiya tare ba. A maganin gargajiya na Sin, tsohon littafin nan Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2000, ya danganta fushi da hanta, baƙin ciki da huhu, tsoro da ƙoda, yawan tunani da saifa. Likitocinsu na da sun ɗauka cewa ɓacin ran da aka danne yana tsai da gudun jini, ya rikita al'ada, ya hana nono zuwa. Sun Simiao, babban likitansu na ƙarni na 7, da ya zo tsara littafinsa na magunguna, da babin mata ya fara. Har yau Sinawa suna da abin da suke kira zaman wata, inda mai jego take kwana 30 zuwa 40 ba ta aikin komai, ana ba ta romon kaza da citta, ana kare ta daga sanyi. Su a gargajiyance sun hana ta wanka, mu kuma mun yawaita mata shi da ruwan zafi, amma abin da ake gudu ɗaya ne, kuma abin da ake ba ta ɗaya ne: hutu, abinci mai kyau, da babbar mace a kusa da ita.

Likitancin zamani bai yarda cewa fushi a hanta yake zaune ba, amma ya tabbatar da abin da ungozoma take gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Ɗan kuka da saurin fushi a kwana na uku zuwa na biyar abu ne da aka saba, yakan wuce kafin mako biyu. Wanda ya zarce haka ciwo ne, kuma yana da magani. A yankin Rawalpindi na Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye yadda za su zauna da masu ciki da masu jego su saurare su, aka ga damuwar ta ragu sosai. A 2015 hukumar ta fitar da wannan tsari a matsayin littafin koyarwa ga duniya. Wato abin da ake horar da wasu su yi, ungozomarmu ta gaji tushensa.

Yabon gwani ba ya hana a faɗa masa gyara. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka zargi yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga rama, talauci, hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko wanne ne ya fi nauyi, kanwa gishiri ce, kuma ba ta dace da mai hawan jini ko mai kumburi ba. Ruwan da zai sale fata ya wuce magani. Dakashi kuma, nonon farko da ake matsewa a zubar, shi ne rigakafin farko na jariri. Ungozomomin da suka samu horo a asibiti sun karɓi waɗannan gyare-gyare, kuma mata sun fi jin maganar daga bakinsu fiye da daga bakin kowa.

Mafi girman daraja a wurina ita ce ta ungozomar da ta san inda iyawarta ta tsaya. Jini ya ƙi tsayawa, ko jijjiga, ko kumburin ƙafa da haki, ba ta tsayawa jiƙe-jiƙe, mota take sa a nemo. Haka idan mai jego ta kwana biyu ba barci, tana sambatu, tana ganin abin da ba a gani, ko tana cewa gara ta mutu ko za ta cutar da ɗan. Irin wannan yakan sami mace ɗaya ko biyu cikin 1000, galibi a makonni biyun farko, kuma mu a nan saurin cewa iska ce muke yi. A yi addu'a, amma kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kuma a kai ta asibiti a ranar. Daga Roni zuwa Kazaure ba nisa, kuma a can akwai babban asibiti da asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa.

Kirana ga masu kula da lafiya a matakin farko a Jihar Jigawa shi ne, duk lokacin da za a tara ungozomomi don horo a kan tsabtar reza da alamomin haɗari, a sa maganar damuwar masu jego a ciki, a kuma tambaye su abin da suka gani, don sun ga da yawa. Ku kuma magidanta, idan Iya ta tsai da ku a zaure ta ce yarinyar nan ba ta yi mata daidai ba, ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ta.