Tallar da Ta Yi Sallama

A Matamaye, kamar ko'ina cikin ƙasar Damagaram, baƙo ba ya wuce zaure sai ya yi sallama an amsa masa. Ko yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli, wadda al'ada ta yardar mata ta shiga har tsakar gida, takan ɗaga murya tun daga ƙofa. Addini ya ƙarfafa wannan ladabi a aya ta 27 cikin Suratun Nur. Da wannan ma'auni ya kamata a auna tallar da ke shigowa salula ta burawuza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita.

Yawancin tallar intanet ta katanga take shigowa. Tana bin sawun mai karatu daga shafi zuwa shafi, tana tara labarinsa, tana kuma cin kuɗin haɗin da ya saya wurin Airtel ko Zamani ko Moov. Wannan ne Brendan Eich, wanda ya ƙirƙiro harshen kwamfuta na JavaScript, ya ce zai gyara da ya kafa kamfanin Brave a Amurka a 2015. A watan Afrilun 2019 kamfanin ya fito da tsarinsa: burawuzar tana toshe tallar shafuka, sannan ta tambayi mai ita ko yana son ganin tata. In ya yarda, shi ke ƙayyade yawanta, daga farko har biyar a awa guda, kuma ana ba shi kashi 70 cikin 100 na kuɗinta da sulallan intanet mai suna BAT. Zaɓen tallar a cikin na'urarsa ake yin sa, ba a aika tarihin bincikensa waje.

Adalci ne a ce wannan ci gaba ne. Burawuzar Firefox, wadda ta yi suna wajen kare sirri, a watan Yulin 2024 ta kunna wa mutane wata hanyar auna tasirin talla ba tare da ta tambaye su ba, har ƙungiyar noyb ta ƙasar Ostiriya ta kai ƙara. Kusa da wannan, mai neman izini ya fi ladabi nesa ba kusa ba.

Sai dai sallamar Brave sau ɗaya ce. Bahaushe kuwa kowane zuwa da sallamarsa, domin wanda aka yi wa maraba da hantsi ana iya ce masa mai gida ya kwanta bayan Azahar. Tallar da aka amince da ita ranar Litinin tana iya faɗowa ranar Juma'a a wurin zaman makoki. Kuma a 2020 kamfanin ya fara sa hotunan talla a sabon shafin da aka buɗe ba tare da jiran amincewa ba, sai dai mai so ya kashe. A watan Yunin shekarar aka gano burawuzar tana liƙa lambar kamasho a adireshin Binance idan mutum ya rubuta shi, har Eich ya nemi gafara.

Ladar ma da ƙaya a jikinta. A shekarun farko, mai son fitar da sulallansa sai ya buɗe asusu a kamfanin Uphold, ya nuna takardar shaidarsa. Wato sai ya bayyana sunansa da fuskarsa kafin ya karɓi ladar ɓoye kansa.

Babban giɓin kuwa shi ne, an gina tsarin kan zaton salula ɗaya ta mutum ɗaya ce. A gidaje da yawa na Matamaye salula na yawo hannu zuwa hannu: ƙane ya ara, uwargida ta kira ƴan uwanta, yaro ya kai ta wurin mai caji. Sirrin da aka hana kamfani gani yana iya tonuwa a tsakar gida, ranar da tallar da ta biyo bayan binciken mai gida ta bayyana a hannun wani. Ga kuma harshe: wanda bai ji Faransanci ko Turanci ba, ya danna madanni don rubutun ya kauce masa, ba a ce ya yarda ba.

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma doka ta ba amincewar mai bayani muhimmanci. Amma amincewa ta gaskiya tana da sharuɗɗan da zaure ya riga ya koyar: a nema da harshen da mai gida ke ji, a maimaita nema, kuma in ya ce a'a a juya ba tare da gardama ba. Brave ta koyi tsayawa a ƙofa. Saura ta koyi cewa gidan da ta yi wa sallama ba mutum ɗaya ke cikinsa ba.